Gaba da gabanta: bairos ɗin da ke kashe bakteriya, da batun gyambon Baba

Wata 'yar'uwa ta turo min tambaya. Mahaifinta yana da ciwon suga, gyambo ya kama shi a ƙafa wata biyar ke nan. An ɗebi mugunya an kai ɗakin gwaji, sakamako ya nuna bakteriya mai suna Sudomonas, kuma cikin magunguna takwas da aka gwada mata biyu kaɗai take ji. Ta ce: "Malam, na ji ana cewa akwai bairos da ba ya taɓa mutum, bakteriya kawai yake kashewa. Gaskiya ne? In gaskiya ne, me ya hana a ba Baba, ake ta maganar yanke ƙafa?"

'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Abin da kika ji gaskiya ne. Wannan bairos yana nan, sunansa bakteriyofaj, kalmar Girkanci ce mai ma'anar "mai cin bakteriya", mu masu aikin kuma faj muke ce masa a taƙaice. An yi wa mutane magani da shi sun warke. Amma tsakanin samuwarsa a duniya da isowarsa ƙafar Baba akwai tafiya, kuma ina so ki fahimci tafiyar da kyau, don kada ki saki abin da ke hannu saboda wanda bai iso ba.

Mun saba haɗa komai mu ce "ƙwayar cuta", alhali bakteriya da bairos ba dangin juna ba ne. Bakteriya halitta ce mai cin gashin kanta: tana ci, tana girma, tana rabewa biyu ta hayayyafa. Bairos kuwa ba ya iya ko ɗaya. Ɗan ƙunshi ne na bayanan gado, wato DNA ko RNA, a cikin ɓawon furotin, sai ya shiga cikin wata halitta mai rai kafin ya iya buga kwafin kansa. Na mura da na ƙyanda jikin mutum suke shiga. Akwai na kaji, akwai na rogo. Faj kuma nasa gidan bakteriya ne. Wadda ke sa mu rashin lafiya ita ma tana da nata ciwon. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta.

Wanda aka fi nazarta a cikinsu ana kiransa T4, yana kama bakteriyar hanji da ake kira Ikolai. A hoton madubin lantarki za ki ga kai mai kusurwoyi, da wutsiya kamar bututu, da siraran ƙafafu shida kamar na gizo-gizo. Sai an jera irinsa wajen 5,000 kafin su cika milimita ɗaya. In ya sauka a jikin bakteriya, ƙafafun nan su ke lalubar bangonta suna neman wata alama takamaimai. In babu alamar, ya wuce. In akwai, sai ya maƙale, wutsiyar ta tsuke kamar an danna sirinji, ta huda bango, DNA ɗinsa ya kwarara ciki, ɓawon ya rage a waje fanko. Daga nan bakteriyar ta daina yi wa kanta aiki. Duk kayan aikinta sai su koma ƙera kawuna da wutsiyoyi da ƙafafun faj, ana harhaɗa su. In sun kammala sai su saki sinadarin da ke narkar da bango daga ciki, bakteriyar ta fashe, sababbi ɗari zuwa ɗari biyu su fito, kowanne ya nemi ta kusa. Duk wannan bai cika wuce rabin awa ba a zafin jikin mutum.

Dalilin da ba ya kama mu a nan yake. Alamar da ƙafafunsa ke nema babu ita a jikin ƙwayoyin halittarmu, kuma ko da ya shiga, kayan aikin da ke cikinmu ba irin wanda ya iya sarrafawa ba ne. Kullum muna haɗiye su a ruwa da abinci, hanjin kowannenmu cike yake da su. Masana sun kiyasta yawansu a duniya da adadi 1 mai sifiri 31 a gabansa, wato sun fi duk wata halitta yawa, sun ninka bakteriya kanta kusan sau goma. A ruwan teku, mililita ɗaya ta ruwa, ƙasa da rabin ƙaramin cokali, kan ɗauki wajen miliyan 10.

Ba na manta yadda ɗalibaina ke yi a ranar da suka fara ganin aikinsa da idonsu. Mukan je kwatar bayan unguwa mu ɗebo baƙin ruwan nan mai wari a kwalba. A ɗakin gwaji mu tace shi da matacin da ramukansa ba sa barin bakteriya ta wuce, ruwan ya fito garau. Sai mu shimfiɗa bakteriya a faranti mai abincinta, mu ɗiga mata wannan tataccen ruwa, mu sa a ɗumi ta kwana. Da safe farantin ya yi fari-fari kamar an shafa koko, amma a tsakiya ga wasu ƙananan ramuka tas, kamar inda ɗigon ruwan sama ya faɗa a kan rairayi. In kika ɗaga farantin wajen taga, haske na ratsa ramukan. Kowane rami faj guda ɗaya ne ya fara shi jiya da yamma, 'ya'yansa da jikokinsa suka cinye miliyoyin bakteriya a kewaye. Shekara nawa ina yin wannan, har yau in na ɗaga farantin sai na yi tasbihi.

Irin ramukan nan ne suka tona asirinsa tun farko. Wani likita ɗan Ingila, Frederick Twort, ya ba da rahotonsu a 1915. A 1917 kuma Félix d'Hérelle, a Cibiyar Pasteur da ke Faris, ya gano su a bayan-gidan masu fama da atini, shi ne ma ya raɗa musu suna. A 1919 ya ba wasu yara masu atini a wani asibitin yara na Faris, bayan ya fara sha da kansa don ya tabbatar ba ya cutarwa. Ki lura, wannan kafin a gano fenisilin ne, wanda Alexander Fleming ya gano a 1928. Wani abokin aikin d'Hérelle ɗan ƙasar Jojiya, George Eliava, ya kafa cibiyar faj a Tibilisi a 1923. Gwamnatin Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, ta kashe Eliava a 1937, amma cibiyar ta rayu, har yau tana karɓar marasa lafiya daga ƙasashe. Haka birnin Wrocław na ƙasar Folan bai yar da aikin ba. Turawan Yamma kuwa, da antibayotik, wato magungunan kashe bakteriya irin su fenisilin, ya wadata a shekarun 1940, sai suka watsar. Kuma suna da hujja: kafso ɗaya yana kashe bakteriya iri-iri, yana ajiyuwa a kanta, ba sai an tsaya tantance wace ce ta kama mutum ba. Ga shi a lokacin ba a ma gama fahimtar mene ne faj ba, wani haɗin ya yi aiki, wani ya zama ruwa kawai.

Abin da ya dawo da maganarsa shi ne halin da Baba ke ciki. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya kiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma yankin da ya fi kowane yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a shi ne namu, Afirka ta Yamma. Ban yi mamaki ba. Wanda mura ta kama ya shiga kyamis ya sayi kafso huɗu, mai kiwon kaji ya zuba a ruwan shansu tun suna 'yan tsaki, ita kuma bakteriya kullum tana samun horo.

To yanzu ga inda gizo ke saƙar. Faj mai zaɓe ne ƙwarai. Wanda ke kashe Sudomonas ba ruwansa da bakteriyar taifot. Abin ma ya wuce nan: a cikin Sudomonas ɗin kanta akwai zuri'o'i da yawa, faj ɗin da ya kashe ta wani majinyaci yana iya kasa taɓa ta Baba. Wannan alheri ne ta wata fuska, don ba ya share bakteriya masu amfani da ke hanji kamar yadda antibayotik ke yi har mutum ya kama gudawa. Ta ɗaya fuskar kuma wahala ce, don ba a iya ɗauko shi daga kanta a miƙa. Kamar ɗinki yake, sai an auna. Dole a raino ainihin bakteriyar da ke cikin gyambon, a gwada ta da faj iri-iri da aka adana, a ga wanne ke yi mata rami a faranti. In babu, a koma kwata farauta. In an samu, a hayayyafa shi, a tsarkake shi daga gubar da matattun bakteriya ke bari, wadda in ta shiga jini tana iya jefa mutum cikin zazzaɓi mai tsanani da faɗuwar hawan jini. Aikin kwanaki ne, wani lokaci makonni, kuma yana son ɗakin gwaji mai wutar da ba ta ɗaukewa.

Ita ma bakteriyar ba zaune take ba. Takan sauya alamar bangonta, faj ya zo ya rasa wurin kamawa. Shi ya sa ake haɗa uku ko huɗu a ba da tare. Sai dai akwai wani abu mai daɗi a nan da ya shafi Sudomonas kai tsaye. Ɗaya daga cikin dabarunta na ƙin jin magani shi ne wani famfo a bangonta da ke tofar da antibayotik waje. Masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun samo wani faj a wani tafki, wanda wannan famfon ne wurin kamawarsa. Bakteriyar sai ta shiga tsaka mai wuya: in ta bar famfon faj ya kashe ta, in ta lalata shi don ta tsira antibayotik ya dawo yana cin ta. Da shi aka yi wa wani dattijo magani a 2016, wanda Sudomonas ta daɗe a kan jijiyar roba da aka dasa masa a ƙirji. A ganina nan ne amfanin faj ya fi fitowa, wato a haɗa shi da antibayotik su taimaki juna.

Labarin da ya fi yaɗuwa, wataƙila ma shi kika ji, na wani malamin jami'a ne Ba'amurke, Tom Patterson. Ya kamu da wata bakteriya mai suna Asinetobakta a tafiyar da ya yi Masar a ƙarshen 2015, magunguna suka ƙare, ya shiga dogon suma a asibiti a San Diego. Matarsa, Steffanie Strathdee, masaniyar annoba ce, ita ta bi masu bincike har aka samo faj da suka dace, wasu daga ruwan kwatami, aka ɗura masa ta jijiya a 2016, ya farfaɗo. A 2019 kuma aka ba da rahoton wata yarinya a Landan da aka yi wa dashen huhu, wata 'yar'uwar bakteriyar tarin fuka ta bazu a jikinta. Cikin faj ukun da aka ba ta, ɗaya daga jikin ruɓaɓɓen yalo aka samo shi a Durban ta Afirka ta Kudu, kuma ta samu sauƙi sosai.

Amma labarin wanda ya warke shi ke yawo, kuma likitanci ba ya tsayawa a kan labari. Da aka yi gwaji na ƙa'ida a Faransa da Beljiyam a kan masu ƙuna da Sudomonas ta shiga ciwonsu, waɗanda aka shafa wa faj sun fi jinkirin samun sauƙi a kan waɗanda aka yi wa maganin da aka saba. Da aka bincika sai aka tarar yawancin faj ɗin sun mutu a kwalba tun kafin a shafa, abin da ya isa ciwon kaɗan ne ƙwarai. Wani gwajin a Bangaladash a kan yara masu gudawa ya nuna ba ya cutarwa, amma bai nuna ya fi ruwan gishiri da suga da aka saba bayarwa ba. A ɗaya ɓangaren, likitocin asibitin soja na Brussels, babban birnin Beljiyam, sun tattara bayanan majinyata 100 masu wuyar sha'ani da aka yi wa haɗi na musamman, suka buga a 2024: kusan kashi 77 cikin ɗari sun samu sauƙi, an kawar da bakteriyar gaba ɗaya a kusan kashi 61, kuma nasarar ta fi yawa in an haɗa da antibayotik. Abin ƙarfafa gwiwa ne, sai dai babu rukunin da aka kwatanta su da shi. Saboda haka a yawancin ƙasashe har yanzu sai an rasa yadda za a yi ake neman izini na musamman a ba mutum guda. Beljiyam ce ta buɗe hanya a 2018, ta yarda mai haɗa magani na asibiti ya haɗa wa majinyaci nasa bisa takardar likita. A asibitocinmu ba magani ne da ake rubutawa ba tukuna, ko da yake akwai masu bincike a jami'o'inmu da ke tattara su suna nazari.

Akwai kuma wata fuska ta faj da ba a cika faɗa ba, kuma ita ce ta fi taɓa mu a nan. Ba kowane faj ne ke fasa bakteriya nan take ba. Wani in ya shiga sai ya lafe, ya liƙa DNA ɗinsa a cikin nata, tana haihuwa tana raba wa 'ya'yanta shi. Wani lokaci kuma yakan zo mata da tsaraba. Bakteriyar kwalara da ke sa amai da gudawa, bayanin haɗa gubarta faj ne ya kawo mata, an tabbatar da haka a 1996. Wadda ba ta ɗauke da shi ba ta haddasa annobar da muka sani duk damina. Haka mashaƙo, wanda ya ɓarke tun ƙarshen 2022 ya fi tsanani a Kano, ya ɗauke mana yara da yawa: tun 1951 aka gano cewa bakteriyarsa ba ta yin gubar da ke toshe maƙogwaro ta taɓa zuciya sai wani faj ya shige ta. Allurar da ake yi wa jarirai a sati 6 da 10 da 14 wannan gubar take koya wa jiki ya gane. Shi ya sa duk faj ɗin da za a sa wa mutum sai an karanta DNA ɗinsa tsaf, a tabbatar mai fasawa ne, ba mai lafewa ba, kuma ba ya ɗauke da bayanin guba ko na ƙin jin magani. Na faɗi wannan da babbar murya ne saboda na ambaci ruwan kwata. Kada wani ya ji ya ce zai wanke ciwo da shi. Abin da zai shiga ciwon ya fi wanda ke ciki muni.

Bari in ɗan ratse, don ban iya wucewa ban faɗa ba. Ko da faj bai taɓa warkar da kowa ba, bashin da ilimi ke ɗauke da shi nasa mai yawa ne. Da shi Alfred Hershey da Martha Chase suka nuna a 1952 cewa DNA ne ke ɗauke da gado. A 2007 kuma masu bincike a wani kamfanin da ke samar da bakteriyar yin yogot, irin aikin da take yi in madara ta zama kindirmo, suna neman dalilin da wasu ke tsira daga faj, suka tabbatar cewa bakteriya na yanko guntun DNA ɗin maharinta ta adana, in ya dawo ta gane shi ta datse shi. Wannan almakashin shi ne CRISPR. Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna suka mayar da shi abin gyaran gado, suka samu kyautar Nobel a 2020. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da maganin farko da aka yi da shi, kuma na sikila ne, cutar da babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu ita. Tsadarsa ta fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba, amma asalinsa faɗan bakteriya da faj ne.

Mu dawo kan Baba. An taɓa ba da rahoto daga Amurka a 2016 na wasu 'yan majinyata masu suga da gyambon yatsun ƙafa, waɗanda aka shafa wa faj daga cibiyar Tibilisi suka warke ba a yanke ba. Bakteriyarsu Istafilokokas ce, ba irin ta Baba ba, kuma mutanen ba su da yawa. Abin da nake so ki riƙe shi ne, gyambon mai suga ba bakteriya kaɗai ke hana shi warkewa ba. Sau da yawa jini ne ba ya isa ƙafar, jijiyoyin ji sun mutu har mutum na taka ciwon bai sani ba, suga kuma ya yi sama ya raunana garkuwar jiki. Faj ba ya buɗe jijiyar da ta toshe, ba ya raya naman da ya mutu. In likita ya kawo maganar yankewa, yawanci abin da yake dubawa ke nan: ko jini na zuwa, ko ciwon ya kai ƙashi, ko yana hawa sama.

Saboda haka in kin koma asibiti ki tambayi likitan abu uku kai tsaye: an auna gudun jini a ƙafar? An ɗauki hoto an ga ko ƙashi ya taɓu? Kuma in yankewar ta zama dole, iya ina? Wani lokaci cire yatsa ɗaya da wuri shi ke tsirar da ƙafa gaba ɗaya. Magunguna biyun nan da suka rage, a sha su ko a yi allurarsu yadda aka rubuta har ƙarshe, kada a haɗa da wani kafso daga kyamis, kada a tsaya don an ga ciwon ya fara bushewa. A riƙa kai shi ana kankare mataccen nama, ya daina ɗora nauyi a ƙafar, a matsa wa sugan har ya sauka. In kika ga baƙi na yaɗuwa, ko wari ya sauya, ko zazzaɓi da rawar sanyi, ko Baba ya fara ruɗewa, a wannan daren za a tafi asibiti, ba a jira safiya. Duk wanda kuma ya tallata miki kwalbar faj a intanet ba tare da ya nemi a gwada ta da bakteriyar Baba ba, kada ki ba shi kuɗinki.

In kuma kuna da hali kuna son a gwada neman faj a waje, ta hannun likitansa za a bi, shi zai rubuta wa cibiyoyin da ke wannan aiki, kuma abin farko da za su nema shi ne ita bakteriyar da ranta. Ɗakunan gwaji kan zubar da faranti bayan an fitar da sakamako, don haka tun yanzu ki roƙi likitan ya sa a adana ta a firiza.